Shekara Bakwai Kwana Nawa Ce? Olivia de Havilland da Kwantiragin da Ya Ɗaure Jaruman Hollywood

Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin finafinan takobi na Amurka, irin waɗanda ake gwabza faɗa a kan jirgin ruwa ko a matattakalar fada, zai tuna da wata yarinya mai manyan idanu da sanyin murya da ke tsayawa gefe tana kallo. Sunanta Olivia de Havilland. Daga 1935 zuwa 1941 ta fito a finafinai takwas tare da Errol Flynn, kuma a mafi yawansu aikinta bai wuce ta so jarumin, ta yi masa fargaba, ta jira dawowarsa ba. Masu kallo sun ƙaunace ta a haka. Ita kuwa jiran ya ishe ta, har a 1943 ta maka kamfanin da ya yi mata suna a kotu. Abin da lauyoyi suka yi ta kai ruwa rana a kansa tambaya ce da ɗan firamare zai ce ya san amsarta: idan doka ta ce shekara bakwai, yaya ake ƙirga su? Amsar da alƙalai suka bayar ita ake kira Dokar De Havilland a jihar Kalifoniya har gobe.

An haife ta ranar 1 ga Yuli, 1916, a Tokyo, amma iyayenta 'yan Ingila ne. Auren bai yi ƙarko ba, sai uwar ta kwaso 'ya'yanta mata biyu a 1919 ta zauna da su a wani ƙaramin gari mai suna Saratoga a Kalifoniya. Ƙaramar ita ce ta zama jaruma Joan Fontaine. Olivia koyarwa take so, har ta samu gurbin karatu kyauta a kwalejin Mills. Sai ga wani mashahurin daraktan wasan daɓe daga Turai, Max Reinhardt, ya zo Los Angeles a 1934 zai gabatar da wani wasan Shakespeare. Aka ɗauke ta a matsayin mai jiran gado ta biyu, wato sai mutum biyu sun fasa kafin ta hau dandali. Ana saura kwanaki kaɗan, su biyun suka tafi wasu ayyukan. Da kamfanin Warner Bros. ya ɗauki nauyin mayar da wasan fim, Reinhardt ya ce da ita zai yi. A Nuwamban 1934, tana da shekara 18, ta sa hannu a kwantiragi kan dala 200 a mako. A 1936 aka sabunta shi zuwa na shekara bakwai, aka fara da dala 500 a mako.

A lokacin da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi saboda karayar tattalin arziki, wannan kuɗi ne mai kauri, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma a duba abin da ke cikin takardar.

Manyan kamfanonin fim na wancan zamani, irin su MGM, Paramount, Warner, Fox da RKO, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ne masu manyan gidajen silimar da za a nuna shi. Kowane ɗaya yana fitar da finafinai da dama a shekara don kada gidajensa su zauna babu sabon kaya. Masana'anta irin wannan tana buƙatar ma'aikatan da ba za su motsa ba, shi ya sa aka tsara kwantiragin yadda igiyar za ta ɗaure ɓangare ɗaya kawai. Bayan kowane wata shida ko shekara, kamfani na da zaɓin ya ci gaba da ɗan wasa ko ya sallame shi. Ɗan wasan ba shi da wannan zaɓi. Kamfani ke zaɓa masa rawar da zai taka, yana iya sauya masa suna, ya tsara masa hirar da zai yi da 'yan jarida, har ya sa baki a wanda za a gan shi da shi a bainar jama'a. Yana kuma iya ba da hayarsa ga wani kamfani a kan kuɗi mai yawa, ya biya shi albashinsa na kullum, ya soke rarar a aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bulalar da ke riƙe da tsarin duka ita ce dakatarwa. Mai bibiyar finafinan Hausa ya saba jin an dakatar da jaruma, amma a nan ƙungiya ko hukuma ce ke yi, galibi kan zargin saɓa ɗa'a. Ta Hollywood daban take. Idan aka ba jaruma labari ta karanta ta ce ba za ta yi ba, sai kamfani ya tsayar da albashinta har a gama ɗaukar fim ɗin da wata. A tsawon lokacin ba ta da ikon yi wa kowa aiki. Sannan a ɗauki waɗannan makonni a liƙa su a ƙarshen kwantiragin. Ta yi asarar albashi, an kuma ƙara mata wa'adi. Idan ta ƙi fim uku ko huɗu, shekara bakwai ta zama takwas, tana iya zama tara. Ga mace kuwa, wadda masana'antar ke fara juya mata baya da zarar ta haura talatin, wannan na nufin duk ƙuruciyar sana'arta a hannun mutum ɗaya take. A Warner wannan mutumin shi ne Jack Warner, shi ke da wuƙa, shi ke da nama.

Finafinan farko da aka sa ta bayan na Shakespeare ƙananan barkwanci ne da ba su bar wani tarihi ba. Sa'arta ta zo ne saboda kasuwa ta juya. Daga tsakiyar 1934 aka tsananta dokar tace finafinai a Hollywood, finafinan 'yan daba da suka yi wa Warner suna suka shiga matsi, yayin da labaran jarumtar zamanin da suka fara kawo kuɗi a wasu kamfanoni. Warner suka yanke shawarar yin Captain Blood daga littafin Rafael Sabatini. Jarumin da suka so, Robert Donat, bai karɓa ba, sai suka yi kasada suka ɗora fim mai tsada a kan mutum biyu da kusan ba wanda ya sani: Flynn, ɗan tsibirin Tasmaniya mai shekara 26, da Olivia mai shekara 19. Michael Curtiz ya ba da umarni. Ya fito a Disamban 1935, ya samu kasuwa sosai, har ya shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau.

Labarin wani likita ne, Peter Blood, da aka kama don ya yi wa ɗan tawaye magani, aka kai shi Jamaika a matsayin bawa, ya tsere ya zama shugaban 'yan fashin teku. Olivia ta fito a Arabella, 'yar ɗan'uwan wani mugun mai gonaki, wadda ta saye shi a kasuwa kan fam goma don ta kuɓutar da shi daga wanda ya fi mugunta. Abin da nake so mai kallo ya lura da shi shi ne, ita ce ke ba Flynn nauyi. Shi duk tsalle ne da murmushi da walƙiyar takobi, mutum ne da ke wasa da mutuwa kamar ba komai ba. Sai kyamara ta juya kan fuskarta ne mai kallo ke yarda cewa akwai abin da za a yi asara idan aka kashe shi. Wannan aiki ne mai wuya, kuma ba a cika yaba wa mai yin sa ba, domin idan ta yi shi da kyau jarumin ake tafa wa.

Ƙololuwar haɗin nasu ita ce The Adventures of Robin Hood na 1938. An kashe masa kimanin dala miliyan biyu, wanda ya fi duk abin da Warner suka taɓa kashewa a fim ɗaya zuwa lokacin. An ɗauke shi da launi na Technicolor, wanda kyamararsa ke jan zaren fim uku a lokaci guda kuma take buƙatar fitilu masu zafin gaske, ga 'yan wasa cikin manyan riguna masu nauyi. Dajin da aka gani a fim ɗin yana garin Chico ne a arewacin Kalifoniya. Kibban da ke cakar mutane na gaske ne, wani gwanin baka mai suna Howard Hill ke harba su a jikin masu wasan kasada da aka sa wa ƙarfe da katako a ƙarƙashin riga. Fim ɗin ya ci Oscar uku, har da ta kiɗan Erich Korngold.

A nan Marian ɗin da ta taka, wato masoyiyar Robin Hood, ta fi ƙarfin 'yar rakiya. Ta fara ne a matsayin 'yar gidan sarauta daga ƙabilar masu mulki, wadda ke yi wa Robin kallon ɓarawo. Ya kai ta cikin daji ya nuna mata talakawan da aka ƙona wa gidaje, aka nakasa saboda haraji, kuma a fuskarta ake ganin ra'ayi yana sauyawa sannu a hankali ba tare da dogon bayani ba. Da aka kama Robin za a rataye shi, ita ta sulale ta je wurin mutanensa da dabarar kuɓutar da shi. Da asirinta ya tonu aka gurfanar da ita, ta tsaya gaban Yarima John, mai neman ƙwace sarauta, ta faɗa masa cin amanarsa ido da ido. A ganina duk tafiyar zuciya da ke cikin labarin tata ce, domin Robin yadda ya shigo haka ya fita, ita ce ta sauya.

Akwai abin da bai kamata a rufe ba game da waɗannan finafinai, musamman ga mai kallo daga ƙasar da sojan Ingila suka ci da yaƙi a 1903. The Charge of the Light Brigade na 1936 waƙar yabon mulkin mallaka ne, sojan Ingila a Indiya su ne masu mutunci, sarkin ƙasar da ya bijire musu shi ne maci amana. A wurin ɗaukar harin ƙarshe an ɗaura wa dawakai waya a ƙafa don su kifa suna cikin gudu, da dama suka mutu, abin da ya taimaka wajen tilasta sa ido kan yadda ake amfani da dabbobi a fim. Santa Fe Trail na 1940 ya nuna John Brown, mutumin da ya ba da ransa don yaƙi da bautar da baƙar fata, a matsayin mai tsattsauran ra'ayi da ya kusa zarewa. They Died with Their Boots On na 1941 ya wanke Janar Custer, wanda ya yaƙi 'yan asalin Amurka a kan ƙasarsu. Ko a Captain Blood, abin da ya sa bautar ta zama abin takaici shi ne Bature aka yi wa. Ina jin daɗin gwanintar da ke cikinsu, amma ba na kallon su da ido rufe. Olivia ba ta rubuta ko ɗaya ba, ba ta kuma da ikon ƙin ko ɗaya ba tare da hukunci ba.

Ta gane tun da wuri cewa a Warner akwai Bette Davis, wadda ake ba manyan labaran mata, ita kuma an ajiye ta a matsayin kyakkyawar da ke kusa da jarumi. Da furodusa David Selznick ya fara shirin Gone with the Wind, 'yan mata da yawa na rububin babbar rawar Scarlett, ita kuwa Melanie take so, mace mai haƙuri da ƙarfin zuciya a ɓoye. Jack Warner ya ƙi ba da aronta. Sai ta bi ta bayan gida, ta gayyaci matarsa Ann shan shayi ta roƙe ta, matar ta shawo kansa. A musayar, Warner ya samu James Stewart na fim ɗaya. Haka ake cinikin mutane a lokacin, kamar ana musayar dawakai tsakanin barga biyu.

Fim ɗin ya fito a 1939 ya zama mafi kawo kuɗi a zamaninsa, duk da yadda ya shafa wa zamanin bauta mai. Aka sa sunanta a takarar Oscar ta mataimakiyar jaruma, Hattie McDaniel ta doke ta, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta. Hattie ɗin ba a bar ta ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba saboda launin fatarta, kuma a daren kyautar a wani tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta. Ina kawo wannan ne don a san cewa ɗaurin da Olivia ke kuka da shi akwai waɗanda nasu ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba.

Ta dawo Warner tana tsammanin yanzu za a ɗauke ta da daraja. Abin da ta tarar shi ne ƙaramar rawa ta hadimar sarauniya a The Private Lives of Elizabeth and Essex, sunanta a ƙasan na Davis da Flynn. Mutane da yawa sun fassara shi da jan kunne, don kada ta ɗauka ta fi ƙarfin gidan. Daga 1940 ta fara mayar da labaran da ba su yi mata ba, aka fara dakatar da ita. Abin lura shi ne duk rawar da ta kai ta takarar Oscar a wannan tsakani a waje ta same ta. Ta biyun ita ce Hold Back the Dawn na kamfanin Paramount a 1941, inda ƙanwarta Joan ta doke ta. Jaridu sun shafe shekaru suna cin kasuwa da rashin jituwar 'yan'uwan biyu, har ya kusa danne sauran tarihinta, ni kuwa ban ga abin da ya ƙara wa fahimtar aikinta ba.

Rabuwarta da Flynn a fim ta zo a 1941. A fitowarsu ta ƙarshe tare, Flynn a matsayin Custer na sallama da matarsa, wato Olivia, kafin yaƙin da dukansu suka san ba zai dawo ba, suna ta maganar kayan tafiya don kada su faɗi abin da ke ransu. Yana fita ta jingina da bango ta sulale ƙasa. Ta sha faɗa daga baya cewa ta so Flynn a zuci, amma abin bai wuce nan ba domin yana da aure. Ya rasu a 1959 yana da shekara 50.

A 1943 shekara bakwai suka cika da fara aiki da kwantiragin, wanda ya soma a Mayun 1936. Sai kamfani ya sanar da ita cewa yana bin ta bashin mako 25, jimillar lokutan da aka dakatar da ita. Kowa ya san abin da ke faruwa ga mai ja da Warner. Bette Davis ta gudu Ingila a 1936 don ta yi fim a can, kamfani ya bi ta har kotun Landan ya yi nasara, ta dawo da bashin lauyoyi. James Cagney ya ci tasa shari'ar a shekarar, amma a kan cewa kamfani ya saɓa wani sharaɗi na kwantiraginsa, don haka nasarar ba ta amfani kowa sai shi.

Lauyanta Martin Gang ya nuna mata wata hanya. A dokar ƙwadago ta Kalifoniya akwai sashe na 2855, wanda ya ce ba za a tilasta wa ma'aikaci kwantiragin yi wa wani aiki da kansa fiye da shekara bakwai daga ranar da ya fara ba. Tsohuwar doka ce, tun 1872, lokacin iyakar shekara biyu ce, aka ƙara zuwa biyar, sannan bakwai a 1931. Ta karanta da kanta, ta ga maganar a fili take. A Agustan 1943 ta shigar da ƙara tana neman kotu ta bayyana cewa kwantiragin ya ƙare.

Hujjar Warner ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Suka ce shekara bakwai na aiki doka ke nufi, kuma makonnin da ta zauna a gida ba aiki ta yi ba. Mu muka ɗauko ta ba wanda ya san ta, muka kashe kuɗi muka gina sunanta, kuma da hannunta ta sa hannu a sharaɗin da ya ba mu ikon ƙara lokacin. Wato dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka ce lokacin dakatarwa na cikin lissafi, in ji su, to jaruma na iya ƙin aiki ta zauna tana ƙirga kwanaki har wa'adi ya cika.

Kotun farko ta ba ta gaskiya. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, kuma ranar 8 ga Disamba, 1944, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar da hukuncin, Mai shari'a Clement Shinn ne ya rubuta shi. Abu biyu hukuncin ya tsaya a kai. Na farko, shekara bakwai na nufin shekarun kalanda, daga ranar farawa, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Da majalisa na nufin ranakun aiki kawai, da ta faɗa, kuma da an bi fassarar kamfani, da sai a cire ranakun hutu da na jinya har wa'adin ya rasa iyaka. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina, kotu ta ce an yi dokar ne don maslahar jama'a baki ɗaya, saboda haka ma'aikaci ba shi da ikon yafe ta ko da ya sa hannu. Dalilin a bayyane yake. Mai neman aiki a ranar farko ba shi da bakin ciniki, duk abin da aka miƙo masa zai sa hannu. Idan ana iya yafe kariyar da sa hannu, kowane kamfani zai sa layin yafewar a takardarsa, dokar ta zama hoto. Kotun ta kuma yi la'akari da cewa mutum na ƙara gwaninta da shekaru, darajarsa na hawa, dole a samu lokacin da zai iya kai gwanintarsa inda za a fi biyan sa. A farkon 1945 kotun ƙolin Kalifoniya ta ƙi sauraron ƙarar Warner, magana ta ƙare.

Nasarar ba ta zo a arha ba. Warner ya rubuta wa sauran kamfanoni yana gargaɗin kada su ɗauke ta, ba kuwa wanda ya ɗauke ta. Kusan shekara biyu ba ta tsaya gaban kyamara ba, a daidai shekarun da jaruma ke kan ganiyarta, ga kuɗin lauyoyi daga aljihunta. Ta yi aikin rediyo, ta zagaya asibitocin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu har tsibiran Alaska da na kudancin tekun Pasifik, inda ciwon huhu ya kwantar da ita. Da ta faɗi a shari'ar, da wuya ta sake samun babban fim, kuma ta san haka tun ranar da ta shiga.

Abin da ta yi da 'yancin shi ya tabbatar da cewa kukanta na gaskiya ne. A To Each His Own na 1946 ta taka macen da ta rabu da ɗan da ta haifa, tun tana budurwa har ta manyanta, ta ci Oscar ta farko. A The Snake Pit na 1948 ta fito a mai taɓin hankali, bayan ta ziyarci asibitocin masu wannan lalura ta ga halin da suke ciki, kuma fim ɗin ya tayar da muhawara a Amurka kan yadda ake tsare su. A The Heiress na 1949, wanda William Wyler ya ba da umarni, ta ci Oscar ta biyu. A can ta taka wata 'yar mai kuɗi mai jin kunya da mahaifinta ya raina, saurayi kuma ya yaudare ta don dukiya. Akwai daren da ta haɗa kayanta ta zauna tana jiran ya zo su gudu, gari ya waye bai zo ba. Bayan shekaru ya dawo da daɗin baki, ta sa masa lokaci, da ya iso ta sa aka danna sakata, ta ɗauki fitila ta hau bene yana ta dukan ƙofa yana kiran sunanta. Wanda ya san shekarun da ta yi tana jiran Flynn a bakin taga zai kalli wannan hawan benen da wani ido daban.

Sau da yawa akan ce ita ta rusa tsarin manyan kamfanoni. Wannan ya yi yawa. Hukuncin bai hana dakatarwa ba, bai kuma hana kwantiragin shekara bakwai ba, abin da ya hana shi ne a ja shi ya wuce bakwai ɗin. Babban bugun ya zo ne a 1948, lokacin da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen silimarsu, sai kuma talabijin da ta kwashe masu kallo. Amma nata hukuncin ya zo a kan gaɓa. Jarumai maza da suka tafi yaƙi suna dawowa a 1945, kuma da an bi tsohon lissafi da an liƙa musu shekarun soja a ƙarshen kwantiraginsu. Da yawa suka dawo suka tarar wa'adinsu ya cika. Ƙarfi ya fara komawa hannun jarumai da wakilansu, har a 1950 James Stewart ya yi fim ɗin Winchester '73 a kan kaso daga ribar maimakon albashi, tsarin da manyan jarumai ke bi har yau. Waɗanda suka fi cin moriyar dai manya ne. Ƙaramin ɗan wasa da ba a rububinsa, tsoronsa kada a sallame shi ne tun wata shida na farko.

Dokar ta tsallaka zuwa harkar waƙa, inda kamfanoni ke ɗaure mawaƙa da adadin faifai. A 1987 kamfanonin suka samu majalisar jihar ta yi wa sashen gyara, ta yadda mawaƙin da ya fita bayan shekara bakwai za a iya bin sa diyyar faifan da bai kawo ba. Duk da haka mawaƙa na ci gaba da dogaro da ita, kamar yadda ƙungiyar mawaƙi Jared Leto ta yi a rikicinta da kamfanin EMI wajen 2008.

Ita kuwa ta bar Hollywood a shekarun 1950 ta koma Paris, inda ta auri ɗan jarida Pierre Galante a 1955, aurenta na biyu. Ta ci gaba da fitowa jefi-jefi a fim da talabijin har zuwa ƙarshen shekarun 1980. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan bikin finafinai na Cannes, kallabi tsakanin rawuna. Ɗanta Benjamin ya rasu a 1991, 'yarta Gisèle ta rayu bayanta. A 2017 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame, ana saura kwanaki ta cika 101.

A wannan shekarar ce ta sake komawa kotu. Tashar FX ta yi wani shiri mai suna Feud kan gabar Bette Davis da Joan Crawford, aka sa Catherine Zeta-Jones ta fito a matsayinta ba tare da an tuntuɓe ta ba. Ta ce an mayar da ita magulmaciya, an kuma sa mata a baki zagin ƙanwarta da kalmar da ba ta taɓa furtawa ba. A wannan karon kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ba tashar gaskiya a Maris na 2018, bisa 'yancin faɗar albarkacin baki, tana mai cewa shahararren mutum ba shi da ikon mallakar yadda za a ba da tarihinsa. Ina ganin hukuncin daidai ne ta fuskar doka, domin da ta ci, da ba mai iya yin fim kan wani mai rai sai da izininsa. Amma na fahimci abin da ya tayar da ita, mace ce da tun tana shekara 18 wasu ke yanke shawarar wace ce ita a idon duniya. Ta bi ƙarar har kotun ƙolin Amurka, wadda ta ƙi sauraro a Janairun 2019. Ta rasu a gidanta na Paris a Yulin 2020, tana da shekara 104.